Gashin Bakin Puma

A shekarun casa'in, lokacin ina karatun ilimin dabbobi a Lyon, na yi aiki a wani shago da na kasa bayyana wa mahaifiyata shi a wasiƙa. Ana kawo mana dabbar da aka harbe ko ta mutu, mu feɗe ta, mu jeme fatar, mu ɗinke ta a kan gangar jiki ta katako da waya, mu sa mata idon gilashi, ta tsaya kamar yanzu za ta yi tsalle. Turawa su zo su ɗauka su kai falo. Sau ɗaya na gwada yi wa mahaifiyata bayani, amsar da ta aiko kawai ita ce in riƙa yawan wanka. Shagon yana bayan wasu manyan ɗakunan ajiyar kaya a Vénissieux, ni kuma ina zaune a hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes, sai in sauko in taka da ƙafa, kwana uku a mako.

Mai shagon wani tsohon Bafaranshe ne wanda ba ya zagi, ba ya kuma dariya. Ya iya aikinsa ƙwarai, amma hannunsa ya fara rawa, kuma fiɗar fuska ba ta son rawar hannu. Ni na iya awo, na iya ɗinki da fenti, amma in aka ba ni wuƙa sai a yi ta addu'a. Na taɓa huda fatar dila sau uku kafin azahar. Tsohon ya daɗe yana neman mai fiɗa, duk wanda ya zo sai wari ya kore shi kafin mako ya zagayo.

Ni kuwa ina da mai fiɗa a hannu, wato Kawuna, yayan mahaifiyata. A gidan maharba aka haife shi, a wani ƙauye kudu da Maraɗi, kuma ya riƙe wuƙa tun kafin ya riƙe allo. Da daji ya ƙare ya shigo birni ya koyi girki, har wani babban ma'aikaci ɗan ƙasarmu ya ɗauko shi zuwa Paris ya zama kukunsa. Ya yi shekara goma sha shida a gidan. Sai ma'aikacin ya yi ritaya ya koma gida, ashe katin zaman Kawu a jikin na maigidansa yake rataye. Aka ce saura masa wata biyu, ko ya kawo takardar wanda zai ɗauke shi aiki, ko ya haɗa kaya.

Shi Kawu haɗa kaya ba zai dame shi ba. Matsalar matarsa ce, wadda nake kira Inna. Ƙodarta ta daina aiki, sau uku a mako ake ɗaura ta a inji a wani asibiti kusa da Sevran, inda suke zaune a gefen Paris, a wanke mata jini. A gida a lokacin, wannan inji ba abin da talaka zai sa wa rai ba ne. Saboda haka maganar a fili take: in babu takardar aiki babu kati, in babu kati sai gida, in an koma gida Inna ba za ta daɗe ba. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Na matsa wa tsohon mai shagon lamba har ya gaji da ni. Ya ce to, ya ji, amma sai ya ga hannun mutumin a kan dabba ta kirki, ba zomo ba. Har ya cike takardar da kansa, ya rubuta komai ban da sa hannu, ya ajiye ta a kan tebur ya danne da ƙoƙon kan wata dabba. Duk safiyar da na shigo sai na kalli takardar nan kafin in gaishe shi.

Mako uku ba a kawo komai ba sai tsuntsaye da kan barewa. Ina ta lissafin kwanaki. Sai wata Litinin da yamma aka bugo waya. Wani attajiri ne mai gandun dabbobi nasa na kansa a kan tsaunukan yammacin Lyon. Pumarsa, wata dabba dangin damisa, ta fasa keji ta shiga daji, ta kwana uku tana cin tumakin maƙwabta, ya tara abokansa suka bi sawunta, shi ya harbe ta. Yana so a tsayar masa da ita sukutum, kuma a yanke masa naman daban, wai za su yi liyafa da abokan farautar. Na fita da gudu zuwa rumfar tarho, na zura kati na kira Sevran, ko gaisuwa ban gama ba na ce Kawu ya hau jirgin ƙasa na farko.

Na tarye shi a tasha da safe. Ya sa kwat ɗinsa na Juma'a a kan doguwar riga, da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. A hammatarsa akwai wuƙaƙe uku da dutsen wasawa naɗe a cikin tsohon zanen Inna. Na ce masa shagon yana da wuƙaƙe fiye da ashirin.

"Nasu ne," ya ce.

Mun tarar an riga an kawo ta, tana kwance a kan babban teburin ƙarfe. Ban taɓa ganin puma ba sai a littafi. Kamar zakanya take amma ba ta kai ta cika ba, jikinta launin ƙasa, ba zane ko ɗaya, wutsiya doguwa mai kauri da baƙi a ƙarshe. Harsashin ya shiga ta bayan kafaɗa. Kawu ya cire kwat ya rataye, ya zagaya teburin sau ɗaya, ya ɗora tafin hannu a goshinta ya yi wata magana ƙasa-ƙasa da ban ji ba. Sannan ya tsaya yana kallon bakinta, inda dogayen gashi farare suka miƙe dama da hagu.

"Ɗiyata, wagga damisa ce ko mi?"

"Danginta ce, Kawu. Daga Amerika suke."

"Kuma kinka ce ci za su yi?"

"Haka mai ita ya ce."

"To mi ya sa ba a ƙona gashin bakin ba?"

Na san maganar. Duk wanda ya tashi a gefenmu ya taɓa jin cewa gashin bakin damisa dafi ne, in aka yayyanka shi ƙanana aka zuba a fura sai ya tsattsage hanjin mutum, shi ya sa maharbi ke ƙone shi tun dabbar ba ta huce ba. Amma ni a lokacin ina shekara ta huɗu a jami'a, ina ji da kaina, kuma tsohon yana tsaye yana kallon bakinmu. Ban so ya tambayi abin da muke cewa. Sai na yi 'yar dariya na ce, "Kawu, bari dai sai an gama." Nufina ya bar maganar. Shi kuwa ya gyaɗa kai kamar mun yi yarjejeniya. Da na tsaya na yi masa bayani na minti biyu, ko na juya na faɗa wa tsohon, da ban zauna rubuta wannan ba. Na sha maimaita wannan safiyar a raina, kullum a nan nake tsayawa.

Muka fara da awo, wanda shi ne aikina. Daga hanci zuwa kwarmin ido, daga hanci zuwa gindin wutsiya, kaurin wuya, kaurin ƙirji, kaurin kowace ƙafa a wuri uku. Tsohon ya ɗauki hotuna. Sannan ya nuna wa Kawu da yatsa inda yake so a tsaga, ta ciki, daga ƙirji zuwa ƙasa, ya kuma gargaɗe shi cewa wannan ba ragon layya ba ne, ba a yanke kai, ba a jefar da ƙafafu. Na fassara. Kawu yana da Faransancinsa na kicin da kasuwa, yana ji fiye da yadda yake faɗa, amma ya bar ni na gama don ladabi.

Daga nan kallo ya koma sama. Wuƙar Kawu kusan ba ta taɓa fata. Tsaga ɗaya ya yi, sauran duk da babban yatsa da dunƙulen hannu yake tura fatar tana rabuwa da nama, sai inda ta kama ya ɗan shafa bakin wuƙa. Ya bi kowace ƙafa har dagi, ya juya ta kamar safa, ya raba kowane yatsa a gaɓar ƙarshe, faratan suka zauna a jikin fata ba wanda ya gutsure. Wutsiya ya matse ta tsakanin sanduna biyu ya zare ƙashin a ja ɗaya. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa, yana ɗan waƙa a hanci. Na taso ina ganinsa yana yanka albasa a kicin ɗin wani, ban taɓa sanin haka hannunsa yake ba, kuma na ji kunya da ban sani ba.

Da aka zo kai, tsohon ya jawo kujera ya zauna ya sa tabarau. A nan ne kowa ke ɓata aiki. Sai an yanke kunne daf da ƙoƙon kai, an bi fatar ido ba tare da an tsaga ta ba, an raba leɓe gida biyu ta ciki don gishiri ya shiga, an cire guringuntsin hanci. Kawu ya ɗauki ƙaramar wuƙarsa, wadda wasawa ta cinye har ta zama kamar tsinke, ya sa yatsa ɗaya a cikin kwarmin idon yana jin bakin wuƙar ta ɗaya gefen. Ya juya kunnuwan biyu ba huda ko ɗaya. Da ya gama ya shimfiɗa fatar a kan tebur, tsohon ya tashi ya ɗaga fuskar ya duba ta a hasken taga, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce mini, "Shekara arba'in ina wannan aiki, ban kai shi ba." Ya kalli agogo, sha biyu ta yi, ya ce in mun dawo daga cin abinci zai sa hannu, Kawu kuma ya kama aikin nama.

Bafaranshe ko gobara ake yi sai ya tafi cin abincin rana, ya ɗauki hularsa ya fita. Ni kuma murna ta hana ni zama. Na ce wa Kawu ya huta, zan je in sayo mana burodi da kifin gwangwani, in kuma kira Inna in yi mata albishir. Na kira ta kuwa. Ta yi ta sa mini albarka har katin ya ƙare.

Tun daga bakin ƙofa na ji ƙaurin. Ƙauri ne irin na babbakar kan rago ranar Sallah, kaɗan dai, amma hancina bai yi kuskure ba. Na shiga na tarar da Kawu ya wanke hannu, ya riga ya fara cire naman gadon baya, hankalinsa kwance. A gefe ga fatar a shimfiɗe, ga kwalin ashana, ga jiƙaƙƙen tsumma. Ya rufe fuskar da tsumman ne ya bar gashin bakin kaɗai a waje, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙone har tushe. Ko silin gashi ɗaya na kumatu bai taɓu ba. Har ɓarnar ma da gwaninta ya yi ta.

"Kawu! Me ka yi?"

"Ke kinka ce sai an gama. An gama."

Na ajiye burodin. Na buɗe tagogi, na kunna fanka, na ɗauki tawul ina kaɗa iska kamar mahaukaciya, sai ka ce ƙaurin ne matsalar. Na yi tunanin in ninke fatar in zuba gishiri in ce na fara aiki, amma tsohon zai buɗe ta da yamma. Na yi tunanin in ce ni na yi, amma wa zai yarda? Kawu dai yana ta aikinsa. Naman fari ne sol kamar na maraƙi, ba irin jan da na zata ba, kitsen kuma kaɗan. Ya ware gadon baya, ya ware cinyoyi da kafaɗu, ya yanke duk inda harsashi ya ɓata ya zubar, ya jera a faranti tsaf. Ya ce in faɗa musu su dafa shi ya dahu sosai, naman mai cin nama ba a cin shi da jini. Shi kam ko ɗanɗanawa ba zai yi ba, mai fiƙa ce, kuma ba a yanka ta ba.

Tsohon ya dawo ƙarfe biyu saura. Ya tsaya a ƙofa ya ja iska sau ɗaya, ya wuce kai tsaye wurin fatar, ya shafa leɓen da yatsa, toka ta biyo hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi, don na iya ba da haƙuri in ana faɗa. Ya tambayi dalili, na yi masa bayanin dafin da maharba da fura, ina yi ina ƙara wasu kalmomi na makaranta don abin ya yi kama da ilimi. Ya saurara har na gama.

Ya ce gashin baki ba wani abu ba ne, ana iya yin na ƙarya, ya sha yi. Zuciyata ta ɗan dawo wurinta. Amma ya ce shagon nan cike yake da amanar mutane, zakuna da damisoshi da kyanwar daji, wasu na gidajen tarihi ne kuma ba a samun madadinsu, shi kuma ya tsufa, wanda zai ɗauka zai bar masa mabuɗi ne ya tafi gida. Don haka tambaya ɗaya zai yi. In gobe aka kawo damisa, aka bar Kawu shi kaɗai da ita, zai sake ko ba zai sake ba?

Na juya na faɗa wa Kawu, na ƙara da nawa. Na ce, "Don Allah don Annabi, Kawu, ka ce ba za ka sake ba. Kalma ɗaya ce. Ka tuna Inna."

Ya goge wuƙarsa a tsumma, ya ce, "In ba ci za a yi ba, sai in tambaye shi tukuna. Amma in da nama zai tahi bakin mutane, ƙonawa za ni yi. Ba ni yi mishi ƙarya, mabuɗinai zai ba ni."

Na juya ga tsohon, ban ko ƙifta ido ba, na ce, "Ya ce ya yi kuskure, ba zai ƙara ba har abada."

Tsohon ya dube ni, ya dubi Kawu. Sai Kawu ya ajiye wuƙar, ya gyara tsayuwa, ya ce da Faransancinsa na kicin, "Non, patron. Si on mange, je brûle." Wato a'a, maigida, in dai za a ci, zan ƙona.

Na yi ta magana bayan nan. Na ce ai sau nawa ake kawo damisar da za a ci, wataƙila ba za a sake ba har mu mutu. Na ce zan riƙa tsayawa a kansa. Na ce laifina ne, ni na ce sai an gama. Tsohon ya ce ya yarda da duk wannan, kuma yana girmama mutumin da ya ƙi yi masa ƙarya, amma yau gashin baki ne, gobe bai san wace doka ce a kan Kawu da shi bai taɓa ji ba, kuma ba shi da sauran ƙarfin koyo. Ya miƙa wa Kawu hannu suka gaisa. Takardar ya ɗage ƙoƙon kan, ya sa ta a aljihun tebur ya rufe.

Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai da muka isa tasha, muna tsaye muna jiran jirgin Paris, bakina ya ɓalle. Ina da baki, duk danginmu sun sani, kuma ranar na sake shi. Na ce masa gashi gashi ne, irin abin da ke kansa da nawa, na karanta, na gani a madubin likita, babu dafi a ciki ko ƙwaya. Na ce ya zauna shekara goma sha shida a Paris amma kansa yana ƙauye. Daga ƙarshe na ce, "Saboda gashin kyanwa za ka kashe Inna?"

Ya gyara naɗin wuƙaƙensa a hammata. Sannan ya ce ƙanen babansu, wanda ya koya masa fiɗa, ya taɓa kashe damisa ya yi kasala bai ƙona ba, ya bar fatar a rataye a zaure inda kowa ke wucewa. Bayan kwana kaɗan ya sha fura a gidan biki, ya kwana huɗu yana aman jini, Kawu ne ya riƙe masa ƙwarya har ya cika. Da suka duba fatar, gashin baki babu. A ranar babansu ya sa shi ya dafa kan gawar ya yi alkawari.

"Wataƙila ke ad da gaskiya, ɗiyata, ke kinka yi karatu. Amma shekara talatin ina ba mutane abinci, ba wanda ya taɓa kwana da ciwon ciki ta hannuna. Nama da gashin ga ɗaki guda, mutane na shigowa suna hita, ban san zuciyar kowa ba. In ɗauki yuƙa in yanka musu, in yi shiru? Ban iyawa."

Jirgi ya zo ya shiga. Ban ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa ba, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Makonni biyar da suka rage na yi su ne tsakanin Lyon da Paris. Na bi mahauta a Sevran da Stains, duk suka ce suna so amma ba sa iya cike takarda. Na je wurin wani Alhaji ɗan ƙasarmu da ke aiki a wata babbar hukuma, ya karɓe ni da mutunci, aka kawo mini shayi, ya buga waya biyu a gabana, ya ce sai haƙuri. Na tsaya layi a ofishin takardu da wasiƙar likita, matar da ke bayan gilashi ta karanta ta tausaya, ta ce ba wannan takardar ake nema ba. Na koma wa tsohon sau biyu, na biyun har na yi kuka, abin da ban taɓa yi a gaban Bature ba. Ya ba ni hankici, bai buɗe aljihun teburin ba.

Mutane da yawa sun ce su zauna kawai ba takarda, ai ba su kaɗai ba ne. Inna ce ta ƙi. Ta taɓa gani ta taga an fito da wani maƙwabcinsu dattijo da ankwa a hannu, ta ce ita ba za ta ga mijinta a haka ba ko da injin na zinariya ne. Na zauna a bakin gadonta ina ta kawo ƙarar Kawu, ina jira ta taya ni. Sai ta yi dariya har tari ya kama ta.

"Ke dai ba ki san kawunki ba. In da bai ƙona ba, ai da na ce musanya mini shi anka yi a jirgi."

A tsakanin nan ni aka ba aikin gashin bakin. Tsohon ya kawo fuka-fukan dinya, ya nuna mini yadda ake zare gashin a bar ƙashin tsakiya, a kankare shi da reza har ya yi siriri ya yi tsini, a lanƙwasa shi kaɗan a kan tururi. Bayan an jeme fatar an ɗinke ta a kan gangar, na bi ramukan leɓen da allura ina dasa su ɗaya-ɗaya da gam. Kwana biyu kacal ya ɗauke ni. Wannan kwana biyun ya fi komai ci mini rai. Da attajirin ya zo ɗauka, ya zagaya ta yana tafa hannu, ya durƙusa ya shafa gashin bakin da bayan yatsa, ya ce kamar za ta yi numfashi. Bai san komai ba, ba wanda ya faɗa masa. Ya ce naman ma ya yi daɗi, wanda ya yanka ya san aikinsa.

Na raka su filin jirgi. Inna tana kan keken marasa lafiya da jakar magunguna a cinya, Kawu yana tura ta, ya sa kwat ɗin nan na Juma'a. Na durƙusa na riƙe hannunta, ta ce in dage da karatu, in kuma rage baki.

Ba a cika wata biyu ba, wata safiya ina share ƙasan shago, tarho ya yi ƙara, tsohon ya ɗauka ya miƙo mini. Kawu ne, daga gidan waya na Maraɗi, muryarsa na zuwa tana ɗaukewa. Ya gajarta gaisuwa. Ya ce Inna ta cika shekaranjiya bayan la'asar, a ɗakin mahaifiyata, an kai ta, jama'a sun taru sosai. Na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu, ina ta innalillahi. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa, sai ita ma ta ɗauke. Na zaci layin ya yanke.

Sai ya ce, "Ɗiyata, kina ji na?"

"Ina ji, Kawu."

"Mutanen nan da sunka ci naman, lahiya lau dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Kawu. Ba abin da ya same su."

"To, alhamdu lillahi," ya ce.